Yaron Ƙarfe na Birnin Genoa

A 1997 kwamfutar Deep Blue ta lallasa Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan darar Turawa. Sai dai ba ita ke ɗaga 'ya'yan darar ba, wani mutum ne ke zaune gaban allon yana motsa mata su. Ga ƙwaƙwalwa, babu hannu.

Hannun nan shi ne abin da masu ƙera iCub suka sa a gaba. Mutum-mutumi ne na bincike da ake haɗawa a Cibiyar Fasaha ta Italiya da ke Genoa, aikin da ya fara a 2004 da kuɗin Tarayyar Turai. Tsawonsa kusan mita ɗaya ne, girman yaro ɗan shekara uku da rabi, kuma da gangan aka yi shi haka. A ganin masu binciken, yaro da taɓawa da jefarwa da kai abu baki yake sanin duniya, don haka suka ba shi jikin yaro. Har rarrafe yana yi.

Ƙananan injina 53 ke motsa gaɓoɓinsa, tara daga ciki na yatsu da tafin kowane hannu ne. Siraran wayoyi ke jan yatsunsa kamar jijiya, kuma kan yatsun yana jin matsi. To, ɗauki ƙwai ka gani: ka matsa ya fashe, ka sassauta ya suɓuce. Kai ba ka ma san kana wannan lissafi ba. Shi kuwa sai ya hangi ƙwan da kyamarorin idonsa, ya auna nisa, ya ware yatsu daidai, yana kuma bin abin da fatarsa ke gaya masa. Tsumma mai lanƙwashewa ko kofi mai santsi har yau suna ba irinsa wahala.

Kwaikwayon da ake son iCub ya yi kuwa, daga biri aka samo haskensa. A farkon shekarun 1990 Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa a Jami'ar Parma suka gano wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri da ke tashi idan ya ɗauki abinci, su kuma tashi idan ya ga wani ya ɗauka. Ɗaya daga cikin masu binciken, Luciano Fadiga, ya shiga aikin iCub. Amma idan ka ɗaga wa iCub hannu don ya maimaita, kafaɗarsa ba taka ba ce, tsawon damtsensa ma daban. Dole ya gane abin da kake nufi, sannan ya nemi yadda nasa jikin zai yi shi. A nan nake ganin ɗan goye, mai kallon uwarsa tana tafi ya tafa, ya yi wa iCub nisa.