Son Da Ya Koma Sharri: Labarin Fedira Da Ɗan Mijinta

'Yan uwana mata, Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala. To ina ga wadda zuciyarta ta kamu da son ɗan mijinta?

A gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris akwai wani zane da Bafaranshe Pierre-Narcisse Guérin ya yi a 1802. Lokacin Turawa na yayin kwaikwayon fasahar Girkawa da Rumawan dā, ka ga mutanen cikin zane tsaf-tsaf kamar an sassaƙa su da dutse. Labarin daga tatsuniyoyin Girkawa yake, amma Guérin ya bi yadda Racine ya tsara shi a wasan kwaikwayonsa na 1677.

Fedira matar Sarki Tisiyas ce na Atina. Sarkin yana da ɗa saurayi, Hifolitas, wanda ya haifa da wata matar, ba abin da ya sa gaba sai farauta. Ta daɗe tana ɓoye ciwon sonsa har ta rame. Da aka yi jita-jitar Sarki ya mutu a tafiya, ta fasa masa sirrinta. Yaro ya kaɗu, ya ƙi. Don kunya ta fizge takobinsa za ta kashe kanta, uwar goyonta Inon ta hana ta. Kwatsam sai ga Sarki ya dawo da ransa!

Nan zanen ya tsaya. Ga Hifolitas a tsaye da bakansa da karnukansa, ido a ƙasa, ya miƙa hannu alamar ba ruwansa. Ga uban a zaune ya dunƙule hannu. Ga Fedira a gefensa riƙe da takobin, fuska ba jini. A bayanta kuwa tsohuwar ce ta sunkuyo tana mata raɗa.

Wannan tsohuwa ita ta kai ƙarar ƙarya, wai yaron ne ya nemi matar ubansa, ga takobi shaida. Uban bai bincika ba ya la'ance shi. Dodon teku ya firgita dawakinsa, suka ja shi a ƙasa har ya mutu. Tsohuwa ta faɗa teku. Fedira ta sha guba, ta faɗi gaskiya tana gargara.

Don Allah 'yan mata ku lura. Zuciya takan so abin da bai halatta ba, amma ba son ne kaɗai ya kashe mutum uku ba, ƙaryar rufa asiri ce da muguwar shawara. In an ƙi ki, ki haɗiye, ki kama mutuncinki. Ki kuma duba wa ke miki raɗa a kunne, don sharri kare ne, mai shi yake bi.