In Injin Wanki Ya Soma Ƙara

A zamanin nan injin wanki ya shiga gidajen malaman makaranta da ma'aikatan ofis da dama, musamman a birane inda akwai lantarki da ruwan famfo. Ba abu ne mai araha ba. Sau da yawa mutum yakan yi wata da watanni yana tsimi daga albashinsa, ko kuwa ya shiga adashi, kafin ya kai ga sayensa. Saboda haka ran da injin ya soma ƙara sai hankalin maigida da na uwargida ya tashi. Waɗansu su ruga wurin mai gyara, ya yanka musu kuɗi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Waɗansu kuwa su toshe kunne har injin ya mutu murus. Duka biyu hasara ce. Abin da muke so mu nuna shi ne, kowace ƙara da dalilinta, wanda ya iya saurare kuwa ya san inda zai soma nema.

Da fari ya kamata mu san yadda cikinsa yake. Ganga biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Ta waje ita ke riƙe ruwa, ta ciki mai ƙananan ƙofofi ita ake zuba wa tufafi, ita ce kuma ke juyawa. A yawancinsu wani ƙaramin inji na lantarki ke juya ta da bel, sandan ƙarfen da ke ɗauke da ita kuwa yana gudu cikin boris. Lokacin matse ruwa, irin mai ƙofa a gaba yakan juya sau 1,000 zuwa 1,400 a minti guda. Wannan gudu ba wasa ba ne. Injin da kamfanin Bendix na Amurka ya fitar a 1937, mai wanki da ɗauraya da matsa shi kaɗai, sai an kafe shi a daɓe da kusoshi, in ba haka ba ya yi ta yawo cikin ɗaki. Na yanzu an rataye gangarsa da sifirin, an tokare ta da shokozoba kamar na mota, an kuma ɗaura mata tubalin siminti don ya danne ta.

Ƙara ta farko ita ce bugu, watau injin ya riƙa dukan jikinsa yana tsalle sa'ad da yake matsa. Mafi yawa laifin lodi ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, to, bargo ko babbar riga in ta sha ruwa ta dunƙule gefe guda, sai gangar ta rinjaya. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a tsai da injin, a warware tufafin, a rage in sun yi yawa, a ƙara 'yan ƙanana in guda ɗaya ne mai nauyi. Sa'an nan a dafa kusurwoyinsa a ga ko yana rawa. In yana yi, a murɗa ƙafafunsa har huɗun su zauna daram a ƙasa. In kuwa sabo ne fil ya soma wannan hauka, a leƙa bayansa. Akwai kusoshi uku ko huɗu da ake ɗaure ganga da su saboda tafiya, lalle ne a cire su kafin wankin farko. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi za a tuhumi shokozoba, ko notin da ke riƙe da tubalin.

Ta biyu ita ce ƙaras-ƙaras, kamar tsakuwa cikin gwangwani. Wannan daga aljihu take fitowa: tsabar kuɗi, ɗan makulli, murfin biro, ƙusa, ko ƙwayar carbin da ya tsinke. In ƙarar na zuwa sa'ad da ganga ke juyawa, abin ya maƙale tsakanin gangunan ko cikin robar bakin ƙofa. In kuwa sai lokacin zubar da ruwa ake jin ta, ya kai ga famfon da ke fid da ruwa. A ƙasan injin daga gaba akwai 'yar ƙofa, bayanta akwai matata. A bari ruwan ya huce, a shimfiɗa tsumma, a tara faranti, a murɗe matatar a hankali a kwashe abin da ta tare.

Ta uku ita ce tsuwa, mai shiga kunne. Galibi bel ne ya saki ko ya tsufa yana sulɓewa, wani lokaci har a ji ƙaurin roba. Bel ba shi da tsada, sai dai a sayi mai lamba daidai da ta tsohon.

Ta huɗu ita ce gunji, injin yana ƙugi amma ganga ta kasa tashi. Kafin a zargi injin a dubi wuta. Ƙarfin lantarkin da aka yi shi dominsa a ƙasashenmu wajen bolt 220 zuwa 240 ne. In wuta ta yi rauni, ko janareta ya yi masa ƙanƙanta, sai ya yi ta nishi yana zafi har wayarsa ta ƙone. A kashe nan da nan, a jira wuta ta cika.

Ta biyar ita ce wadda muka fi jin tsoro, watau ruri kamar na injin niƙa, wanda ke ƙaruwa yayin da gudu ke ƙaruwa. Wannan boris ne. Akwai wata roba da ke tsare shi daga ruwa, in ta lalace ruwa ya shiga ya wanke man, tsatsa ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwajinsa ba wuya: a kashe injin, a juya ganga da hannu ba kome cikinta. In an ji gurza, ko aka ɗaga bakinta aka ji tana lilo ita kaɗai, to, magana ta tabbata. Wannan ba aikin maigida ba ne, na gwani ne, kuma ba ya son jinkiri, gama in aka ci gaba da wanki sandan ƙarfen ma zai cinye. A nemi sanin kuɗin aiki tukuna, domin waɗansu injuna an liƙe gangarsu ta waje, ba a sake boris sai a sake ta ɗungum, kuɗin kuwa yakan kusa na sabon inji.

Akwai gargaɗi guda da ba mu yarda a manta da shi ba. Ruwa da lantarki ba su ga maciji da juna. Kada kowa ya taɓa cikin injin sai ya zare wayarsa daga bango ya rufe famfo, hannunsa kuma a bushe. Kada a sa hannu cikin ganga tana gudu, a kuma hana yara. Inji in ya lalace akwai wani a kanti, rai kuwa babu.

Muna roƙon malamai su karanta wa iyalinsu wannan bayani, tun da yake su ne kusa da injin kullum, su ne za su fara jin muryarsa ta sake. A riƙa lalube aljihu kafin wanki, a wanke matata bayan 'yan watanni. Ran da aka kira mai gyara kuma, a gaya masa irin ƙarar da lokacin da take zuwa. Wanda ya yi haka da wuya a sayar masa da boris alhali murfin biro ne ya maƙale. Allah ya sa albarka cikin abin da muka saya da guminmu, amin.