Ko Kun Sani? Ɗan Minna Ne Ya Kasa Leƙen Asirin Najeriya Gida Uku

A 1986 Janar Ibrahim Babangida, haifaffen Minna, ya rushe hukumar tsaro ta NSO, ya raba aikinta ga sababbin hukumomi uku: SSS ta riƙe cikin gida, NIA ƙetare, DIA harkokin soja. Alhaji Isma'ila Gwarzo, wanda ya taso daga aikin ɗan sanda, shi ya fara shugabantar SSS, daga baya ya zama mai ba Janar Abacha shawara kan tsaro. Wasu na kukan cewa rabon yana haifar da kishi da ɓoye wa juna bayanai. Sai dai tara asirin ƙasa a hannu ɗaya ya fi haɗari, domin NSO ta yi ta tsare mutane babu shari'a a 1984 da 1985. Faransa ma ta raba nata: DGSI a gida, DGSE a waje.