Lissafin Mai da Hayaƙin Injinan Noma a Minjibir

A Minjibir, inda gonakin gero da dawa da wake suke manne da juna, manomi bai cika mallakar tarakta ba, hayarta yake yi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, mai noman rani a bakin madatsar Wasai ya san cewa kowace litar da injin ban ruwa ya sha daga ribarsa take fita.

Awon ba shi da wuya. A cika tanki maƙil kafin a fara aiki, a sake cika shi bayan an gama. Abin da aka ƙara shi injin ya sha, sai a raba da yawan hekta. Daga nan ake ƙiyasta hayaƙi, domin litar dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kilo 2.3.

Sai dai ƙanƙantar gona takan ruɗa lissafin. Tarakta tana ɓarnar mai wajen yawan juyi a kan iyaka, da tafiya daga wannan gona zuwa waccan, abin da mai awo kan manta. Haka kuma lakar fadama ta fi jigawa cin mai.