Nisan da Wuta ke Yi Kafin ta Iso Birnin Dabo

Duk wanda ya saurari muhawarar da hukumomi da masana ke yi game da makomar wutar lantarki a Nijeriya, ko iskar gas za a dogara da ita, ko ruwa, ko hasken rana, zai tarar galibinsu suna jayayya ne a kan asalin wutar, alhali kuwa abin da ya fi addabar Kano shi ne nisan da take yi kafin ta sauka a tashar Kumbotso, sa'an nan ta ratso lungunan Jakara da Yakasai.

Dalili kuwa, manyan madatsun da aka jima ana taƙama da su, wato Kainji ta 1968, da Jebba ta 1985, da Shiroro ta 1990, duk suna can wajejen Neja, tashoshin gas kuma, waɗanda su ke ba da kaso mafi tsoka, akasarinsu suna kudu. Hujja ta bayyana ƙarara a watan Oktoba na 2024, sa'ad da ɓarna ta auka wa turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya sami matsala, har Arewa ta yi kwanaki da yawa cikin duhu, teloli da masu markaɗe suka koma ga janareta, ga shi kuwa fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023.

Masu goyon bayan gas suna kafa hujja da bututun da aka soma shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, kuma babu shakka masana'antun Sharaɗa da Bompai ba su farfaɗowa sai da wuta mai ƙarfi irin wannan. Sai dai bututu ma doguwar hanya ce, abin da ya sami turaku yana iya samunsa.

Saboda haka, a ganina, ya wajaba a ba abin da ke kusa haƙƙinsa. Allah Ya hore wa ƙasar nan rana, ga kuma ruwan Tiga da Challawa. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Challawa a farkon 2023, wadda ba ta taka kara ta karya ba idan aka auna ta da buƙatar birni kamar wannan, amma dokar lantarki ta 2023 ta halatta wa jihohi su samar da wutarsu, su kuma rarraba ta. Wahalar dai ita ce jari, domin mai gida a cikin ganuwa ba ya iya sayen faranti da batir lokaci guda. Amma idan 'yan kasuwa suka haɗu a kan tasha ɗaya, kamar yadda aka jarraba a kasuwar Sabon Gari, kowane shago yana biyan gwargwadon abin da ya sha, ban ga abin da zai hana kasuwar Kurmi yin haka ba.