Ko Kun Sani? Gidan da Aka Kafa a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Daga Tukur-Tukur a Zariya zuwa teku tafiya ce mai nisa, amma alhazan da, masu tafiya a ƙasa, sun san gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, inda suke ƙetarawa zuwa Jidda. Arewa da Port Sudan akwai dutsen murjani da ake kira Sha'ab Rumi.

A 1963 Bafaranshe Jacques Cousteau ya kafa gidan ƙarfe a wurin, zurfin mita 10. Mutanensa suka kwana 30 a ciki, har da aku a tare da su! Sukan goya tukunyar iska su fita nazarin kifaye.

Rumfar ƙaramin jirginsu na nutso tana nan har yau, murjani ya lulluɓe ta.