Me Ke Kai Turawa Kallon Makaɗan Da Ba Su Yi Suna Ba?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ne ya aiko da wannan tambaya. To Malam, ai kamar sayen maraƙi ne tun bai zama sa ba: kuɗin shiga kaɗan, ga makaɗi dab da kai. Irin waɗannan 'yan jita ana ce musu "indie", wato ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai. A 1993 wasu samarin Manchester da ake kira Oasis sun yi wasa a King Tut's, wani ɗan gidan rawa a Glasgow mai cin mutum 300. Mai kamfanin Creation, Alan McGee, yana wurin, nan take ya yi musu tayin kwantiragi. A 1996 mutum 250,000 suka kalle su a Knebworth cikin kwana 2. Amma fa da yawansu ko kuɗin mota ba sa mayarwa.